Shuɗi Take Sawa

Tun ranar da matata ta rasu na koma mai saurare. Ina zaune a shagon mai ɗinkin kujerun mota, wani dattijo ya kawo tsohuwar motar tsere mai kujera biyu.

"Wane launi za a sa a ciki, Yallaɓai?" in ji mai shagon.

"Wanda maiɗakina take so. A motar nan na fara ɗaukarta. Ta yi fushi ta koma gidan yayanta, da motar zan je in ba ta haƙuri."

"To, wanne take so?"

"Shuɗi. Kullum shuɗi take sawa."

"Ita take zaɓa?"

Dattijon ya daɗe yana shafa fatar da aka shimfiɗa masa. "Ni nake sayo mata."

"Ashe kai ne mai son shuɗin! Kira ta mana, ka tambaya."

"Da furfurar nan zan ce mata ban sani ba? Sa baƙi kawai, ba ya nuna datti."

Ya fita kansa a ƙasa. Kafin in haɗa kalmomi har ya tsallaka titi. So na yi in ce masa, bawan Allah, kira ta. Taka har yanzu tana ɗaga waya.