Bakin Fofo

Kuɗin tafiyata Chaina daga firizar Mama ya fito. Walida, ke ai kin tuna ranar da masu kura suka zo suka ciccibe ta, firizar da ta shayar da rabin Unguwar Kanawa zoɓo da ƙanƙara. Mama ta tsaya tana share gurbinta da tsintsiya, har bayan ƙurar ta ƙare. Baba ya cika da fanshonsa, ya kafa min sharaɗi: salla a kan lokaci, kuma in bar bakin nan nawa a gida. Ya faɗi haka ne don ya taɓa kama ni ina yin tarin da yake yi kafin ya kunna labarai, har Mama ta amsa daga kicin, "Na'am, Alhaji?"

To, tunda kun dame ni kullum sai na yi muku yaren Chaina, ku matso. Yau zan gaya muku dalilin da ya sa ba na yi.

Wurin Anti Turai na tafi, 'yar yayar Mama, mai ofishin kago, wato aiko kaya, a Gwanzu. Masu garin ba haka suke kiransa ba, su sai sun tauna sunan kamar wanda ya ci tuwo da zafi, amma mu Hausawan can mun yanke hukunci Gwanzu ne. Aikina in bi Anti kasuwa in riƙe jaka. Cinikinta duk da kalkuleta take yi: ta danna, mai shago ya danna, ta ce "Haba!", ya ce "Ayya!", a rabu.

"Shamsiyya," ta ce min, "ke da kike kwaikwayon ko akuya, ki kwaso mana yaren mutanen nan mana. Tafinta yana cinye ni."

Ɗakin da ta kama min a gidan wata tsohuwa yake. Popo ake ce mata, wato kaka, ni kuwa na maishe ta Fofo. Kullum bayan azahar sai in ji ƙara daga ƙasan bene, kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Na leƙa. Tsofaffi uku ne zaune a tebur mai kusurwa huɗu, suna cakuɗa wasu 'yan farare kamar sabulun otal. Fofo, da wata mai tabarau, da wata mai mafici da ba ta rabuwa da shi ko ana sanyi. Kujera ta huɗu babu kowa. Wasan majan ke nan, kuma ba ya yiwuwa sai da mutum huɗu. Tasu ta huɗun ta koma ƙauye.

Fofo ta buga kujerar da hannun hagu. Na ce caca? Ni 'yar Alhaji? Na girgiza kai har ɗankwalina ya zame. Sai ta share 'yan sulallan da ke teburin ta zuba a aljihu, ta juye ƙwayar kankana, ta raba mana. Daga ranar a kan ƙwayar kankana muke wasa, wanda ya ci ya ɓare abinsa. Duk da haka, Sadiku, in wannan maganar ta kai kunnen Baba, na san bakin da ya kai ta.

Mai Tabarau da Mai Mafici maganarsu kamar keken ɗinki, ba abin da za ka tsinta. Fofo kuwa a hankali take magana. Sai ta ɗaga ɗaya daga fararen ƙwayoyin majan ɗin, ta nuna min zanen, ta ja sunan ta ja, har sai na maimaita. Da haka na koyi ƙirga. Na koyi gabas da yamma, don akwai ƙwayoyin iska huɗu. Da na gane ta arewa, na buga ƙirji na ce ni ce wannan, shi ke nan sunana ya koma Arewa a bakinsu. Abin da ya fi ba ni dariya, in za ka ɗauki ƙwayar da na hagunka ya yar, sai ka ce "ci", kuma a yarensu ma cin abinci yake nufi. Na ce wallahi kakanninmu sun taɓa haɗuwa a wata kasuwa.

Daga sunayen ƙwayoyi muka shiga hira: ya yi tsada, ƙafata na ciwo, waccan matar ha'inci take yi. Kun san ni, ba kalma kaɗai nake ɗauka ba, da mutumin nake haɗawa. Fofo tana karkata baki gefe, na karkata. Tana jan ƙarshen magana, sannan ta zuƙi miyau, na ja na zuƙa. Na lura matasan titi ba haka suke yi ba, amma na ce ai haka Hausar Kaka ta Sakkwato ta bambanta da tamu ta Kaduna. Na ɗauka ta Fofo ce ta asali, ta manya.

In na yi magana Fofo sai ta yi dariya har ta share ido. "Bakin baƙi!" take cewa. "Ku ji yadda take murɗe yaren mutane!" Ƙawayen nata kuwa sai su sunkuyar da kai kan ƙwayoyinsu. Ni a zatona dabarar wasa suke tunani.

A kasuwa sai abu ya buɗe. Ina buɗe baki mai shago zai dube ni, ya dubi Anti, ya jawo min kujera. A kawo ruwan ɗumi. Farashin labule ya sauko ba tare da kalkuleta ta sha wahala ba. Wata mai mayafai har shafa min kafaɗa ta yi, ta ƙara mana gyara. Anti ta sallami tafinta. "Bakinki da albarka, 'yar nan!" Ni kuma kai ya kumbura. A lokacin ne nake turo muku saƙon murya ina kwaikwayonta, "ga Fofo ta ci wasa", "ga Fofo tana faɗa da mai gyaran famfo", kuna turo min fuskokin dariya.

Ranar bikin watansu, da ake rabon wani kek mai nauyi kamar dutsen guga, 'yar Fofo ta zo daga garin da take aikin asibiti. Muna tsakiyar wasa ta shigo da jakarta. Na ce bari in burge ta. Na miƙe, na gyara baki, na yi mata sannu da zuwa, na tambaye ta hanya, na ce ta rame.

Jakar ta faɗi. Da Turanci ta yi min magana.

"A gidanta? Kina kwana a ɗakinta kina yi mata wannan?"

"Me na yi?"

"Uwata ta yi shanyewar ɓarin jiki! Da ƙyar bakinta ya dawo haka! Ke kuma abin wasa kika samu?"

Sai a lokacin na dubi hannun daman Fofo, wanda kullum yake kwance a cinyarta. Ni tsufa na ɗauka. Wata da watanni ina kallon bakin matar nan kamar mai duba allo, ban taɓa ganin ciwo ba, abin kwaikwayo kawai nake gani.

'Yar ta juya ga uwar da yarensu, kuma kaicona na gane kowace kalma: "Mama, ba bakin baƙi ba ne. Naki ne take yi."

Fofo ba ta dube ni ba. Ƙawayenta ta duba. "Haka nake magana?"

Mai Tabarau ta cire tabarau tana gogewa. Mai Mafici ta tsayar da mafici. Ashe tun da ta tashi daga ciwon kowa ce mata yake ta warke sarai, ita kuma ta yarda. Ni ce na zo daga Kaduna na riƙa nuna mata yadda take, tana dariya, ba ta san kanta take wa ba.

Ta kifa ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta hau sama. Daga ranar ban ƙara jin ƙarar ƙanƙara a gidan ba.

'Yar ta ce in nemi wani ɗaki kafin ƙarshen wata. Na kai wa Anti kuka, na zayyane mata komai, har dalilin kujera da ruwan ɗumi. Ta ce, "To ai ba ƙarya kika yi musu ba. Ki ci gaba da karkata bakin, wa ya sani?"

"Anti, tausayina fa suke ji. Sun ɗauka mara lafiya ce."

"Tausayi haram ne? Firizar uwarki da kunya za ki saya?"

Na gwada miƙe bakin in yi irin na titi. Ko gaisuwa ta ƙi fita, masu shago suka riƙa miƙo min kalkuleta. In na karkata kuma, aka jawo kujera, sai in ji kamar na saci takalmi a masallaci. Na zama ba ni ga tafinta, ba ni ga 'yar riƙon jaka, don kasuwar duk ta san ni. Da bizata ta zo ƙarewa Anti ba ta sabunta ba, ni ma ban roƙa ba.

Ranar tafiya na hau sama. Fofo na zaune bakin taga. Na durƙusa irin namu, na fara ba ta haƙuri, sai na ji abin da ke fita daga bakina. Ba ni da wata muryar da zan ba ta haƙuri da ita sai tata. Na tsaya a tsakiyar kalma. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannun hagu, ta sa yatsa a gefen bakina, ta tura shi sama, ta daidaita shi kamar mai gyara hoto a bango. Tun ranar bikin ba wanda ya ƙara jin maganarta.

Sauran kun sani. Na dawo da akwati ɗaya da 'yan mayafan tsaraba, da abin da ya isa ƙaramar firiza ta hannu, wadda ba ta kai rabin ta da ba. Mama ta ce ta fi dacewa da wutar yanzu. Baba ya lura na daina tarinsa, ya ce Chaina ta yi min tarbiyya.

Abin da ba ku sani ba shi ne na watan jiya, da Yaya Auwal ya kai ni wajen wani ɗan Chaina mai aikin gini ta wajen Rigasa, ana neman tafinta. Na yi niyyar miƙe baki, amma da ya gaishe ni sai bakin Fofo ya amsa. Mutumin ya ajiye wayarsa. Ya tashi ya jawo min kujera da kansa. Ya ce ubansa ma haka ya yi, ya ce na yi ƙoƙari ƙwarai, ƙaramar yarinya da ni. Yaushe ciwon ya same ni?

Na ce, "Ba ni ba ce. Kakata ce."

Ya ce yaya jikin nata yanzu? Na ce ban sani ba.

Walida, miƙo wayar nan taki. Na san saƙonnin muryar nan na Fofo suna nan, na ji ki kina kunna wa ƙawayenki shekaranjiya. A gabana za ki goge su.