Yatsan da Goggo ta hana lalle

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri, da dukan masu sauraro. Ni malamar makarantar 'yan mata ce a Kazaure, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Lokacin samun 'yancin kai, maza kaɗai ke zaɓe a Arewa. Goggona, ƙanwar mahaifina da ke Roni, tana cikin matan da suka dage sai an ba mu ƙuri'a. Ta sha zagi, har daga 'yan uwa. In ta sa lalle, sai ta bar babban yatsanta fari, ta ce, "Wannan na dangwala ƙuri'a ne." Har ta rasu ba a ba mu ba. Ni na zuba ruwa a wankan gawarta: yatsu tara ja, ɗaya fari.

Sai bana mu mata muka yi zaɓe a karon farko. Na shiga aji da murnata, na ba yara labarin Goggo, na ce su faɗa mini abin da ya canza da wanda bai canza ba. Sai Ladi, wata ɗaliba 'yar Gwiwa, ta ɗaga hannu. "Malama, Innarmu ma ta bar yatsanta ba lalle saboda zaɓe. Amma katinta yana aljihun Baba. Ya ce ƙuri'arsa ta ishe su."

Malam, alli ya suɓuce mini. Tun ranar, in na juya ga allo, hannun Goggo nake gani.

Jama'a, ku ba ni shawara. Jarrabawa ta matso, akwai tambaya a kan zaɓen bana, kuma amsar da ake so ita ce, "An ba mata ƙuri'a." In Ladi ta rubuta "Ba a ba su ba," in kayar da ita?