Tokar Satiru

A kasuwar Sakkwato ne, shekarar da Nasara suka ƙone garin Satiru. Hajjo na zaune gaban alayyahunta, wani dattijo ya ɗaga ganye yana yatsina.

"Baiwar Allah, wanga duk tsutsa ta huje shi. Ba ki san toka ba? Da sassafe ake barbaɗa ta, tun raɓa ba ta bushe ba."

"Na san ta, Malam."

"To, lalaci ne. Ni ko da munka raka Nasara Satiru, ban bar garkata ba toka ba."

Hajjo ta fizge ganyenta.

"Can gidana yake. Mijina da garkarmu, duk toka kunka maishe su. Ita za ni ɗebo in barbaɗa ma alayyahu?"