Ranar Da Aka Ƙona Maganina Tare Da Layu

Salamar Yesu Almasihu, Mai Cetonmu, ta zauna tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rahila, daga unguwarmu ta masu bi da ke bayan Getso. Fasto ya ce in tashi in ba da shaida da bakina, na roƙi a bar ni in rubuta. Amma ba abin da zai hana ni faɗa. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ranar wata Lahadi ce, muna tsakiyar waƙar baiko, wadda ake yi a coci lokacin ba da sadaka, ni ke bayarwa 'yan mata na amshi. Akwai wani wuri da nake jan murya har mai ganga ya gaji ya harare ni. Ranar na ɗauko, ban kai rabi ba numfashina ya tsinke. Sai na ji wani siririn fito a ƙirjina, kamar kukan jinjirin kyanwa. Ba wanda ya ji sai ni. Na san muryar nan, kuma na san abin da ya dawo da ita.

Asma gare ni, wadda tsofaffi ke kira fuka. Tun ina sakandare take kayar da ni, har wani likita a asibiti a Gwarzo ya ba ni abin shaƙa guda biyu, inhela. Ɗaya shuɗi, na lokacin da ciwon ya taso. Ɗayan na kullum ne, safe da yamma, ko ina lafiya ƙalau. Ya ce magani biyu aka haɗa a ciki, ɗaya na kwantar da kumburin hanyar numfashi, ɗaya na riƙe ta a buɗe, kuma in kuskure baki duk bayan na shaƙa. A wannan tsadar da ko gishiri sai an yi shawara, Baba bai taɓa bari ya yanke ba, ko da kaza za a kama a kai kasuwa. Na samu lafiya. Na koma waƙa, na koma rijiya.

Lafiyar ce ta jawo min magana. Aka fara cewa me ya haɗa mai lafiya da magani. Wasu suka ce kamar samarin da ke shaƙar sholisho a bayan tasha, kuma tun da aka kafa Shari'a ido yana kan 'ya'yan masu bi, kada a ce 'yar coci na shaƙe-shaƙe. Gwaggo Lami, yayar Baba, wadda ke gaba a zumuntar matan coci, ta ce babu namijin da zai ɗauki mace mai yawo da gwangwani a jaka.

Kun san al'adarmu. Kakanninmu da layu da guraye suka fito daga Maguzanci, shi ya sa duk ranar rufe taron farkawa ake hura wuta a filin coci, mai wani abu a ɓoye ya kawo a ƙona. A taron ƙarshen damina, baƙon mai wa'azi ya ce duk abin da ba ka iya kwana ɗaya ba tare da shi ba, ya zama gunkinka. Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta ja jakata, ta zaro na kullum ta ɗaga shi sama, ta ce, "Rahila, wannan gwangwanin kika fi yarda da shi ko jinin Yesu?"

Na nemi Inna da ido, ta sunkuyar da kai. Baba ya tafi birni leburanci, ita kuwa ba ta ja da dangin mijinta a gaban mutane. Ni ma bakina ya mutu. Shuɗin yana aljihun siket ɗina, shi ne ya tsira.

Gwaggo ta wurga na kullum ɗin cikin layun da ke cin wuta. Ba a jima ba ya fashe da ƙara, tartsatsi ya tashi. Fili ya ɗauki Haleluya, mata suna guɗa, ana cewa aljanin fuka ya fita. Gwaggo ta rungume ni tana kuka. Daga baya wata nas a asibiti ta gaya min ko gwangwanin maganin sauro aka jefa a wuta haka zai yi. Ashe fashewar gwangwani muka yi wa rawa!

Kwanakin farko ban ji komai ba, har ni ma na soma gaskatawa. Sai ga Lahadin nan da fiton ya dawo.

Wa zan gaya wa? An riga an kai labarina har coci-cocin wajen Kabo, yarinyar da aka warkar. A tunanina, in na ce ban warke ba na ƙaryata Allah ke nan. Sai na koma laɓewa bayan rumbu ina shaƙar shuɗin kamar ɓarauniya. Da fari jefi-jefi, daga baya ko guga na ja sai na nemi bayan rumbu. Na daina ba da waƙa, na ce mura nake yi.

Kaka ta yi, aka fito da gero sussuka. Dama ba na zuwa wurin sheƙa saboda ƙaiƙayi, kowa ya sani. Ranar Gwaggo ta aiko, wai wadda Ubangiji ya warkar ba ta gudun ƙaiƙayi. Na ɗauki ƙwarya na tafi. Iska ta juyo da shi fuskata, na yi tari, na sake yi, sai ƙirjina ya ƙulle kamar an ɗaure bakin buhu. Na zaro shuɗin a gaban kowa, ba sauran kunya. Na danna, na girgiza, na sake dannawa. Babu komai a ciki.

'Yan'uwa, ku da kuke numfashi ba ku san kuna yi ba, ku gode wa Allah! Ina ja, iskar ba ta shiga. Na durƙusa na dafa turmi. Mata suka kewaye ni suna ɗora min hannu, Gwaggo na tsawata wa shaiɗan, 'yar iskar da ta rage ma suka tare. Can na ji muryar Inna, Innar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. "Ku matsa min daga kan 'yata. Yaya, har da ke."

Ta ruga gidan Malam Ado, maƙwabcinmu Musulmi mai babur. Lokacin ne ake ta maganar hana masu babur ɗaukar mata, kowa na tsoron a tare shi a hanya. Inna ta ce ko takalmi bai tsaya nema ba. Da ya gan ni sai ya ce, "Ɗora ta, ki hau bayanta ki riƙe. In an tare mu, rai na ɗauko."

A kan babur ɗin nan na yi addu'ar da ta juya rayuwata. Ba ni da numfashin furta ko sunan Yesu, a zuci na yi ta. Na ce, Ubangiji, ka san ban taɓa durƙusa wa gwangwani ba. Kai ka ba ni numfashi, kai ka ba likita sani, kai ka ba Baba kazar da ya sayar. Kyautarka aka ƙona, ni kuma na yi shiru don tsoron mutane. In ka bar ni da rai, ba zan ƙara laɓewa bayan rumbu ba.

Ƙirjina bai buɗe ba, kada in yi muku ƙarya. Amma tsoron mutanen nan da na daɗe ina dakonsa, a hanyar Gwarzo ya faɗi, ban kuma koma na tsince shi ba.

Abin da ya faru a asibiti kaɗan nake tunawa. An kifa min wata roba a hanci da baki mai fitar da tururi, an yi min allura, hannun Inna yana kan goshina. Ta ce leɓɓana sun canja launi, ta ce nas ɗin ta daina amsa mata tambaya.

Yanzu ku saurare ni, musamman ku 'yan mata. Na san akwai masu ɓoye magani a ƙasan akwati don kada a ce ba su da bangaskiya. Tabaran da dattawanmu ke karatu da shi a sujadar coci, wa ya taɓa jefa shi a wuta? Ai su ma ba sa kwana ɗaya babu shi. A ƙona layu, ni ma zan kawo ice. Amma na kullum ɗina yana cikin jakata yanzu haka. Safe da yamma nake shaƙa, a tsakar gida nake kuskure bakina, mai leƙe ta katanga ya leƙa. Mijin da gwangwani zai kora, ya kama gabansa tun da wuri. Ban raina addu'a ba, addu'a ce ta ba ni bakin nan.

Washegarin ranar da aka kai ni asibiti, da hantsi likita ya zo. Ya daɗe yana sauraren ƙirjina, gaba da baya, yana cewa in ja in saki. Ya tambayi ina na kullum ɗin da aka rubuta min. Inna ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya cire abin sauraren ƙirjin daga kunnensa ya ce, "Kin fita daga hatsari, Rahila. Amma wutar nan saura kaɗan ta haɗa da ke."

Inna ta zube a ƙasa tana kiran sunan Yesu. Ni kuka ma a hankali nake yi, ina tsoron kada ya cinye numfashin.

Nas ta kawo sabon na kullum, ta ce in shaƙa a gabanta ta ga ko ban manta ba. Sai na hango Gwaggo a bakin ƙofa, rungume da kwanon kunu. Tun sassafe take wurin, ta kasa shigowa. Na ce, "Gwaggo, zo ki riƙe min kofin ruwan kuskure baki."

Ta shigo. Ta ajiye kunun, ta ɗauki kofin da hannu biyu. Na girgiza gwangwanin, na sa a baki, na danna, na ja. Iska ta shiga har ƙasan ƙirjina, babu fito, babu kyanwa.

Na gode maka, Yesu, da numfashin nan da wanda zai biyo bayansa. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi da dukan zuciya, ku kuma riƙe abin da ya ba ku da kyau. Gwaggo ta miƙo min kofin, na karɓa. Amin.