Ƙusar Ƙarshe da Aka Ba Yaya Matiyu

Fasto, Malam Liman, mai gari, shugabannin direbobin Mayahi da Tasawa, Elizabet matar yayana da 'ya'yanki, jama'a, sannunku da zuwa. Ni ce Ladi, ƙanwar marigayi. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da bakina.

Ya kasance direba tun ina goye. Ya kasance mai tsayawa ya ɗauki tsohuwa a hanyar Kanambakashe ko motar ta cika. Mu matan tasha masu tuwo, ba wadda bai sauke wa itace ba.

Kun san al'adarku. Kowace tasha da allon ƙusoshinta, direba ya rataya makulli gwargwadon daɗewarsa, na gaba shi ke fara lodi. Wanda ya sauya tasha kuwa, ko ya yi furfura, ƙusar ƙarshe zai koma. Ya kasance abin nan na ci masa rai. Yakan ce shekarun mutum su bi shi duk inda ya je, sandika, wato ƙungiyar direbobi, ta zama ɗaya, a tunkari masu motoci da baki ɗaya. Soja sun hana taro, sai ya riƙa bin ku gidajen suna da biki yana roƙo. A zaurenmu kuka ci tuwona, kuka tafa hannu, kuka ce an gama.

Da ruwa ya ƙi sauka, fari ya tsananta, maigidansa ya sayar da motar, sai Yaya ya bar tashar Mayahi ya samu wata a Tasawa. Mahaman mai kula da allon Tasawa, ga ka nan zaune, shi ya koya maka riƙe sitiyari. Kai ka nuna masa ƙusar ƙarshe, ka ce, "Baba, doka ce." Lodin hatsin agaji na hanya mai kyau ya tafi ga na gaba a allo. Shi aka bar masa hanyar rairayi, dattijo mai ciwon ƙirji yana haƙa ƙarƙashin taya da shebur. Can ya faɗi, bai ƙara tashi ba.

Yau na ji kuna kiransa uban direbobi. Tuwon ma na kasa ci.

Elizabet, yi haƙuri, ba ki ɗauko ni don faɗa ba. Ku 'ya'yansa, ubanku bai zagi kowa ba. Ranar da aka ba shi ƙusar nan, ya dawo yana dariya, wai an mai da shi yaron mota.

Amma ga Baba Iliyasu can baya, sa'ansa, shi ma fari ya koro shi Tasawa, yana tari irin na yayana, makullinsa na ƙusar da yayana ya bari. Yabonku ya ishe mu haka. Ku matsar da makullin nan. Ranar kasuwa zan zo da kaina in duba allon.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ubangiji ya ba Yaya Matiyu hutawa, ya riƙe Elizabet da yara, ya saukar mana da ruwa, ya kuma ba masu alkawari kunya. Amin.