Rajistar da Ta Cuci Jikata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Haruna ne daga Hunkuyi.

Da furfurata na koyi karatu a ajin yamma, shi ya sa ranar da jikata Rukayya ta gama digirin harkar mulki ta intanet, don murna na yanka rago. Na laƙaba mata Sakatariya, unguwa duk ta ɗauka.

Ɗan aminina ne ya shigar da ita makarantar. Tun farko na tambaye shi, "Ɗana, makarantar nan tana da rajista?" Ya ce, "Wallahi Baba, tana da ita." Har naman walimar ya ci.

Da ta je neman aikin ƙaramar hukuma, jami'in da ya duba takardunta ya ce mata, "Rajista kam akwai, amma ta kasuwanci ce, irin ta mai shagon taki. Ba jami'a ba ce."

Jama'a, ku ba ni shawara: akwai jami'ar gaskiya da za ta karɓi karatun nan, ko sai ta koma farko? Yanzu ko ƙofar gida ba ta leƙawa, don yara suna ganinta sai su ce, "Ga Sakatariya!"