Shiga Uku a Bencin Asibiti

A bencin asibiti wani tela na riƙe da hannunsa da dutsen guga ya ƙona, yana ta faɗin "na shiga uku". Tsohuwar da ke gefensa ta gaji.

"Kai, shiga ukun nan gadonta ka ci? Me ya faru?"

"Iya, rigar amarya na ƙona. Ƙanwar matata ce, gobe biki."

"Wannan ai ɓacin rai ne, ɗan ƙarami ma."

"Surukata fa ta rantse sai ta ga bayana."

"To, ka shiga tsaka mai wuya. Uku da saura."

"Matata ta ce kada in dawo gida."

"Gaba kura baya sayaki, na bar maka wannan. Amma ka riƙa tattali, ɗana. In ka ƙarar da manyan maganganu a kan riga, ran da duniya ta yi maka zafi da me za ka yi kuka?"

Tela ya ji haushi. "Ke da kika san ma'auni, me ya kawo ki?"

Ta dubi ƙofar likita.

"Autana ke ciki. Nawa maganganun sun ƙare a kan ubansa da yayyensa. Yanzu in an tambaye ni, lafiya lau nake cewa."